Sati uku sensar daɓe tana min ƙarya, ashe ruwan gishiri ne a akwatin haɗi

Salam 'yan uwa. Jiya da asuba na ɗaga labule na ga dusar ƙanƙara ta binne titinmu nan Otawa a Kanada, motocin maƙwabta duk sun yi fari fat, amma hanyar garejina baƙa wuluk tana tiriri, ruwa na gangarawa kwata. Wallahi na fi minti biyar tsaye a tagar nan. Uwargida ta ce maigida lafiya kuwa, na ce zo ki gani, ba wanda ya taɓa shebur yau.

Na sayi gidan ne da bututun roba irin na PEX a cikin daɓen simintin hanyar gareji, da boila a ɗakin ƙasa, famfo yana tura ruwan zafi ta bututun don ya narkar da dusar ƙanƙara, ruwan ciki rabi da rabi ne da gilaikol, sinadarin da ke hana ruwa daskarewa. Abin da na yi kawai shi ne cire makunnin hannu na sa kwantrola mai tashi da kansa. Sensa huɗu na ja masa: ta iskar waje a bangon arewa, ta bututun ruwan zafi, ta gano dusar ƙanƙara a kan sanda, sai ta daɓe wadda ke zurawa cikin siririn bututu a tsakiyar simintin. Ukun farko ba su ba ni matsala ko ɗaya ba.

Ta daɓen nan ce ta hana ni barci. Duk ranar da dusa ta sauka, ta kan sanda za ta ce akwai jiƙa, amma famfo shiru, boila shiru. In duba allon kwantrola sai in ga wai daɓe yana digiri 10, alhali ina tsaye a kansa da takalmin sanyi, bindigar auna zafi tana ba ni 5 ƙasa da sifili. To shi kwantrola bai yi laifi ba, an gaya masa siminti da ɗumi, me zai sa ya ƙona gas. Ni kuma in ɗau shebur ƙarfe shida na safe kafin in kai yara makaranta, ga na'urar da na kashe wa kuɗi tana kallo na.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne duk ranar Asabar da na samu lokacin bincike sai ta dawo daidai. Akwai Asabar ɗin da sanyi ya yi tsanani, daɓe na 20 ƙasa da sifili, na cire wayoyin biyu daga kwantrola na sa mitar auna wuta, ta ba ni wajen om dubu 97, om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Sensar irin ta 10k ce, wato om dubu 10 take bayarwa a digiri 25, wajen dubu 32 da 600 a sifili, dubu 97 ɗin nan kuwa shi ne daidai da 20 ƙasa da sifili a teburin sensar. Na mayar na ɗaure na ce ƙila sukurun ne bai kama ba. Ranar Talata dusa ta zo, digiri 10 ya dawo.

Sai na zargi wayar wutar famfo, don gaskiya na yi kuskure na haɗa ta da wayar sensa a bututu ɗaya na kusan mita huɗu. Na kwashe Lahadi guda ina raba su. Daman ya kamata a raba, ban yi nadama ba, amma ba nan cutar take ba. Daga nan na yanke hukunci sensar ce ta mutu, na yi odar sabuwa, da kuɗin kawowa dala 118 na Kanada, na zaro tsohuwar na zura sabuwar da yatsu kamar za su ɓalle don sanyi. Dusa ta gaba, digiri 10. Kai jama'a, ranar ban iya cin abincin dare ba, kuɗin nan har yau yana min ciwo don tsohuwar tana nan cikin durowa lafiyarta ƙalau.

Abin da ya warware shi, na daina jiran Asabar. Ranar da matsalar ke faruwa na nemi izini a wajen aiki na zauna gida da mita. Da farko na ɗaura rezista, ɗan abin nan mai tsayayyen om, mai dubu 33 kai tsaye a bakin kwantrola, allo ya nuna kusan sifili, to kwantrola ya fita daga zargi. Na auna wayoyin da ke zuwa daga waje, dubu 19 da rabi, alhali a 5 ƙasa da sifili ya kamata in ga wajen dubu 42. Sai na je can bakin gareji na cire sensar gaba ɗaya, na bar wayoyin biyu a sake ba sa taɓa juna, na dawo ƙasa na sake aunawa. Waya a buɗe ai bai kamata mita ta karanta komai ba. Ta ba ni dubu 36.

Nan na zauna kan bokitin fenti na buga lissafi a waya: 42 da 36 in sun jeru kafaɗa da kafaɗa wajen 19 da rabi suke bayarwa. Ita kuma irin wannan sensar in lambarta ta sauka to zafi ke nan, dubu 19 da 900 shi ne digiri 10. Wato akwai wata hanya da wuta ke bi tsakanin wayoyin biyu kafin ta kai sensa.

Kuma ni na gina hanyar da hannuna. A watan Oktoba wayar ta gaza min da kamar mita uku, magariba ta yi na gaji, sai na ƙara guntuwa na murɗe da 'yan hulunan roba na naɗe da salatif na cusa a ƙaramin akwati a ƙasa, lungun ƙofar gareji, na manta da shi sam. Da na buɗe murfin, ruwa ne launin toka ya kai rabin akwatin, salatif ya saki, jan ƙarfen ya yi kore, ga farin gishiri ya bushe a gefe. Gishirin da ake watsawa a titi ne mota ke kwasowa da caɓin dusa, ya narke cikin gareji ya gangara lungun. Shi ya sa sai ranar dusa abin ke tashi, in sanyi ya yi tsanani kuma ruwan ya daskare, ƙanƙara ba ta wuce da wuta kamar ruwan gishiri, sai mita ta nuna min komai lafiya.

Na zare wayar duka na ja sabuwa mai kauri lamba 18 guda ɗaya tun daga kwantrola, ba ƙari a hanya. Inda ta haɗu da sensa na liƙe da dalma, na sa robar nan mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a ciki, akwatin kuma na ɗaga shi bango daidai gwiwa, na bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai baki. Kafin in zura sensar na tsoma ta a kofin ruwa da ƙanƙara, daga can ƙasa mita ta ba ni dubu 32 da ɗoriya.

Saura gefen da ya haɗu da titi, wajen taku biyu, har yanzu yana barin siririyar ƙanƙara bayan famfo ya tsaya. Na ƙara lokacin da zai ci gaba da gudu bayan dusa ta ɗauke zuwa awa biyu, zan ga abin da takardar gas ta wannan watan za ta ce. Wanda ya taɓa fama da bakin titi irin haka don Allah ya gaya min awa nawa ya sa nasa.