Hablábamos

Tun da na dawo daga ajin yamma, kalmar Sifaniyanci ɗaya ce take yi mini yawo a ka, wato hablábamos. Malama ta rubuta ta a allo, ta ce in raba ta gaɓa-gaɓa, ni kuwa na tashi da ƙarfin gwiwata na rubuta hab-la-ba-mos, domin a Hausa baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa, shi ya sa muke cusa wasali tsakaninsu mu ce burodi ko fulawa. Ta sa hannu ta goge, ta rubuta ha-blá-ba-mos, ta ce a Sifaniyanci ba a raba b da l, kamar yadda ba a raba t da r.

Furucin ma bai bar ni ba. Harafin h na farko ba a faɗarsa sam, b ɗin nan biyu kuma leɓɓa ba sa rufewa ruf a kansu, iska tana ɗan zurarewa. Nauyin murya yana kan blá, gaɓa ta uku daga ƙarshe, kuma duk kalmar da take haka, wadda suke kira esdrújula, dole a ɗora mata ɗan karan nan a kan wasali. Sau shida na maimaita kafin ta gyaɗa kai.

Abin da ya burge ni shi ne ginin kalmar: habl saiwa ce mai ma'anar yin magana, harafin a yana nuna rukunin aikatau masu ƙarewa da ar, gaɓar ba tana nuna aikin da aka saba yi a da, mos kuma ita ce "mu". Abin da muke jerawa a gaban aikatau, su a ƙeya suke liƙa shi. Da ta ce asalin kalmar fabulari ne na Latin, f ta rikiɗe ta zama h sannan ta yi shiru, sai na tuna yadda Inna take cewa tahi maimakon tafi, har na yi dariya ni kaɗai.

Dariyar ba ta daɗe ba. An ce kowa ya gina jimla, na rubuta hablábamos todas las noches, ma'ana a da mukan yi hira kowane dare. Malama ta yaba, sannan ta tambaye ni da wa, na ce da yayana. Rabona da jin muryar Yaya tun ƙaramar salla, kuma har yanzu da nake rubutun nan wayar tana gefena ban taɓa ta ba.