Asabar a Birmingham: talotalo fam 90, leda kwabo 30

9 ga Disamba, 2023

Tun daren jiya maƙwabciyata, tsohuwar Baturiyar nan da yarana ke kira Kaka, ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in zan je babban kanti yau in tafi da ita, tana so ta ba da odar talotalon Kirsimeti kafin a rufe karɓa. Gwiwarta ba ta barin ta hawa bas in sanyi ya matsa. Muka fita da hantsi, ni da ita da autata, gari luf da hazo, motoci duk sun kunna fitila kamar almuru.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai ɗauka tsuntsu ai sai ranar yanka ake sayensa. A nan tun watan Oktoba manyan kantuna ke fito da ɗan littafi mai hotuna, ka zaɓi irin da kake so da nauyinsa, ka ba da kafin alƙalami, su rubuta maka ranar da za ka zo ka ɗauka, galibi tsakanin 22 da 24 ga Disamba. Kaka ta zo da nata littafin a jaka, ta riga ta zagaye abin da take so da jan biro: mai baƙin gashi, irin wanda ake kiwo a fili, kilo biyar, don 'ya'yanta da jikoki za su zo daga Leeds. Yarinyar da ke kan teburin oda ta buga ta ce zai kai fam 90, ya danganta da yadda sikeli ya nuna ranar ɗauka. Kaka ko gira ba ta ɗaga ba, ta miƙa kati.

Ni kuwa sai da na kasa haƙuri. Na ce, "Kaka, ga wasu can a firiza, girmansu ɗaya, ko fam 25 ba su kai ba." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce na firiza na kowace Lahadi ne, wannan kuwa sau ɗaya ne a shekara, kuma tun mijinta na da rai ba ta taɓa ɗora daskararre a teburin Kirsimeti ba. Na yi shiru, don na san irin wannan magana. Haka mahaifina yake da ragon layya, ko da bashi sai ya sayi wanda zai iya kallon idon maƙwabta da shi.

Amma tsadar ba ta banza ba ce. Irin mai baƙin gashin nan kusan wata shida ake kiwonsa, tun daga bazara, alhali farin nan na manyan gonaki ana yanka shi tun bai kai haka ba. Masu yin abin yadda aka gada da hannu suke fige shi ba tare da ruwan zafi ba, su rataye shi a ɗakin sanyi kamar mako biyu naman ya kwanta. Kowane mataki kuɗin ƙwadago ne, kuma ma'aikatan da ke zuwa daga gabashin Turai suna wannan aiki na ƙarshen shekara sun ragu tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, har a 2021 gwamnati ta buɗe bizar wucin gadi ta mutum 5,500 don gonakin kaji kawai. Bara kuma murar tsuntsaye ta yi ɓarna irin wadda ba a taɓa gani ba. Kusan rabin talotalon da ake kiwo a fili don Kirsimeti, wajen 600,000, ko sun mutu ko an kashe su don hana yaɗuwa, kuma daga 7 ga Nuwamban 2022 aka tilasta wa kowa a Ingila ya kulle tsuntsayensa a ɗaki. Ga yaƙin Ukraine da ya ɗaga farashin alkamar da ake ciyar da su da kuɗin wuta. Bana cutar ta lafa, sai dai farashi a ƙasar nan in ya hau ba ya saurin tuna hanyar saukowa.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau a wajen biyan kuɗi ya faru. Kaka ta ɗan ƙara sayayya, shayi, biskit, gwangwanin miya, abincin kyanwarta, sun fi ƙarfin jakar yadin da ta zo da ita. Mai karɓar kuɗi ta tambaye ta ko tana son leda, kwabo 30. Matar da ta amince da fam 90 minti ashirin da suka wuce ta ce atafau ba za ta biya ba. Na ce zan biya mata, ta ce in bari. Ta tura autata ta ɗauko mata kwalin ayaba da aka zazzage a gefen kayan marmari, muka jera kayan a ciki, layi na jiranmu. A mota nake tsokanarta, sai ta ce, "Talotalo ni na zaɓa, 'yata. Leda ɗora mini aka yi."

Na yi ta juya maganar nan a hanya. Dokar da ta sa ake biyan kuɗin leda kanta ba ni da ja da ita. Yankin Wales ne ya fara a 2011, Ireland ta Arewa ta bi a 2013, Scotland a 2014, sai Ingila ta zo ƙarshe ranar 5 ga Oktoban 2015 da kwabo 5, a manyan kantuna kawai. Ranar 21 ga Mayun 2021 aka mayar da shi kwabo 10 aka kuma haɗa da kowane shago, har na kan kwana. Kafin dokar, a 2014, manyan kantunan Ingila sun raba leda biliyan 7.6, kusan 140 ga kowane mutum. Alƙaluman gwamnati na bana sun ce an samu raguwa da kashi 98 cikin ɗari. Kwabo biyar ba ya talauta kowa, tambayar ce ke aiki: da zarar an ce maka "kana son leda?" sai ka tsaya ka duba ko hannunka zai iya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda baƙar leda ke toshe magudanan ruwa a Kano da damina, ko ya ga abin da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya, ba zai yi wa wannan doka dariya ba.

Inda nake bayan Kaka shi ne a kan leda mai kauri. Doka ta yi magana ne a kan siririyar leda, kuma kuɗinta ana sa ran kantuna su ba da shi ga ayyukan taimako, an ce ya haura fam miliyan 200 tun 2015. To mafi yawan manyan kantuna sun daina sayar da siririyar gaba ɗaya. Abin da ke rataye a wajen biya yanzu shi ne mai kaurin da suka ce ta har abada ce, da kwabo 10 aka san ta, yau ga ta a 30, wani wurin ma ta wuce, kuma kanti ne ke yanke farashinta da inda kuɗin zai je. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ƙirga cewa a 2019 manyan kantuna goma sun sayar da kusan biliyan ɗaya da rabi, fiye da 50 ga kowane gida. Robar da ke jikin ɗaya ta ninka ta siririyar sau da yawa. Kowane gida da na shiga a unguwar nan akwai wata leda a bayan ƙofar kicin cike da 'yan uwanta. Kuma kantin da ke tambayarka kwabo 30 don kare muhalli shi ne ya naɗe kokwamba ɗaya a roba, ya zuba lemo a raga.

Bayan na sauke Kaka na kai mata kwalin har ciki, muka wuce unguwar Small Heath. Autata tun makon jiya take damuna, wai 'yan ajinsu kowa na maganar talotalo. "Umma, mu ma mu ci mana, ai hutu ne." Ba bikinmu ba ne, amma ranar ce kaɗai a shekara da Baban yara ba ya aiki, ni ma ba na yi, shaguna a rufe, 'yan uwa daga Coventry kan zo mu yini. Mahaucinmu na titin Coventry Road, ɗan Pakistan, yana da tsohon littafi da yake rubuta sunayen masu son na halal. Ya ce, "'Yar uwa, in kina so ki faɗa yau, bayan ranar 15 ba na ƙara suna." Farashinsa ya faɗo tsakanin na firiza da na Kaka. Na ce ya rubuta mana ƙarami, ya datsa shi gida-gida, don ni ba zan tsaya gadin tanda awa uku a kan naman da ke bushewa ba. Rabi zan yi farfesu, rabi in shafe da yajin ƙuli in gasa. Na sayi kilo biyu na naman rago, ya zuba a shuɗiyar leda bai karɓi ko kwabo ba, don ɗanyen nama na cikin abubuwan da doka ta ɗauke wa kuɗin.

Kafin ƙarfe huɗu an kira magariba. Bayan na idar na buga wa Hajiya waya, ina ba ta labari na ambaci fam 90. Ta ce in mayar mata da shi naira. Da na ce ya haura dubu ɗari sai ta yi salati, ta tambaya ko tsuntsun yana magana ne. Na ce mata a'a, amma zai ciyar da mutum takwas, ragowar kuma su yi kwana huɗu suna cusa ta cikin burodi. Ta ce Allah ya kyauta, in gaishe mata da tsohuwar.

An ba Kaka safiyar Asabar 23 ga wata don ɗauka, na ce zan kai ta. Makon ne kantuna ke karya farashin karas da ƙananan kabejin nan zuwa ƙasa da kwabo 20 don su ja mutane, ni ma zan ɗebi na miya a lokacin.