Asabar: jan biro a kan takardar kaftin

Wajen ƙarfe goma na safe ƙanena ya shigo daga Jaji, inda yake kwas ɗin ƙananan hafsoshi. Hajiya ta dama masa fura, ya sha rabi ya jawo jakarsa ya fito da kwamfuta. Ya ce, “Yaya, kai da kake koyar da Turanci, duba min wannan kafin Litinin.”

Takarda ce mai shafi uku, sai kuma wata tsohuwa da malaminsu ya riga ya duba. Jan biro ya cika gefenta. Na karanta gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, na ga kusan babu wanda ya shafi nahawu. A wani wuri an ja layi ƙarƙashin “nan ba da jimawa ba”, an rubuta: ƙarfe nawa? A wani wurin an kewaye “za a tanadi ruwa”, an tambaya: wa zai tanada? Ni da nake ba ɗalibaina maki idan suka ƙawata jimla, sai na tarar a can ƙawar ce ake sokewa.

Ya bayyana min tsarin da suke bi wajen ba da umarnin fita aiki. Kashi biyar ne kuma ba a sauya jerinsu: halin da ake ciki, manufa, yadda za a aiwatar, sha'anin kayan aiki da guzuri, sai jagoranci da sadarwa. Manufar jimla ɗaya ce tak, kuma in da baki ake ba da umarnin sai an maimaita ta sau biyu. Lokaci da lamba huɗu ake rubuta shi, 0600 ko 1800, don kada wani ya tambaya na safe ne ko na yamma. Wuri a taswira kuwa lamba shida ce ke kai ka cikin murabba'in mita 100. Ya ce in aka kuskure lamba ɗaya, motar da ke ɗauke da harsashi ko likita za ta iya tsayawa kilomita guda ko fiye daga inda ake jiranta. Nan jikina ya yi sanyi, don na san irin dajin da ake tura su.

Tun yana NDA, makarantar horar da hafsoshin sojan Najeriya, aka fara cusa masa wannan. Makarantar an kafa ta a nan Kaduna a 1964, ta fara karatun digiri a 1985, yanzu mazauninta na dindindin yana Afaka. Kwalejin hafsoshi ta Jaji kuwa, inda yake kwas yanzu, a 1976 aka buɗe ta. Mu mutanen gari fareti da gudun asuba muke hangowa, ba mu san yawan daren da suke rabawa a gaban takarda ba.

Bayan azahar muka yi gardama, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ya nuna min yadda aiki ya sauƙaƙa: littattafan kwas duk suna cikin kwamfuta, 'yan rukuninsu suna tura wa juna jadawali ta WhatsApp, mujallun sojan ƙasashen waje da a da sai a laburare ake ganinsu yanzu ga su a intanet. Na yi murna da haka har zuciyata. Sai ya buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya ba ta wani labarin atisaye na ƙage, cikin daƙiƙoƙi ta jero masa kashi biyar ɗin nan tsaf. Ya ce, “To Yaya, meye laifinta?”

Na ce masa jerin ya yi kyau, amma ita ba ta taka ƙasar ba. Ba ta san gadar da ruwan Agusta ya cinye ba, ba ta san sajan da za a karanta wa umarnin ta oba-oba cikin dare, a gajiye, Turancinsa kuma na aiki ne kawai. Wahalar da mutum ke sha kafin ya matse manufa ta koma jimla ɗaya, a cikinta yake gane ko shi kansa ya san abin da yake so a yi. In na'ura ta ɗauke masa wannan, ran da babu caji babu sabis, da me zai tsaya gaban mutum talatin? Ya ce ai ana iya amfani da ita wajen gyaran kalmomi bayan an gama tunani. Na yarda da wannan, muddin a bayan ne.

Shi da kansa ya ƙara da abin da ya fi damunsa, wato tsaro. Duk abin da ka zuba a irin wannan manhaja ya fita daga hannunka, don haka takardar aiki ta gaskiya ba ta shiga ko kusa. Ya tuna min abin da ya faru a 2018, lokacin da taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Afghanistan da Siriya, saboda sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Hoton da yaro zai ɗauka ya tura wa budurwarsa ma yana iya ɗauke da bayanin inda aka ɗauke shi.

Mun zauna muka bi shafi ukun nan har la'asar. Wuri biyu kawai na taɓa, sauran shi ya riƙa karantawa da ƙarfi yana yankewa, har takardar ta dawo shafi biyu. Hajiya ta ƙulla masa dambun nama, na raka shi Kawo ya hau motar Zariya da za ta sauke shi a Jaji tun kafin magariba.