Giliya ja sau ɗaya take fure

Asabar. Sanyin asuba ya fara shigowa Flagstaff, garinmu a jihar Arizona ta Amurka, alhamdu lillahi.

Maganar Anti ce ta tsaya min a rai yau. Ta kira bayan azahar ranta a ɓace, wai giliyarta ta yi fure ta mutu, kuɗinta sun tafi a banza. Na ce, "Anti, ku yi haƙuri, haka Allah Ya halicce ta." Giliya ja, wato tsiron da masana ke kira Ipomopsis aggregata, sau ɗaya take fure a rayuwarta. Shekarar farko, wani lokaci har wasu shekaru, ganye kawai take shimfiɗawa a ƙasa kamar faifai, tana tura doguwar saiwa ƙasa. In ta tara ƙarfi sai ta fid da kara mai kusan mita ɗaya, da jajayen furanni masu dogon wuya da leɓe biyar. Ta zuba iri, ta bushe.

Abin da ya dame ni, Anti ta riga ta tumɓuke karan ta kai shara tun kwanson irin yana ɗanye. Ai irin ke nan ya tafi! Kwanson ake jira ya zama ruwan ƙasa ya fara tsagewa, a yanke karan, a kife shi cikin jakar takarda. Da kaka a watsa irin a ƙasa mai yashi da tsakuwa, a danna da tafin hannu, kada a binne. Sanyin hunturu ne zai tashe shi. Wanda ya makara sai ya sa shi cikin yashi mai ɗan danshi a firiji kamar wata guda. Ban da taki, ban da ban-ruwa kullum, wuyan saiwar ruɓewa yake yi. Dashe ma ba ta so. Kuma a shuka da yawa, don tushe ɗaya ba ya yin iri da garin furensa.

Ta ce wahala ta yi yawa, za ta sayi furen roba. Har yanzu maganar na cina.

Da yamma na ga furannin giliyar gefen hanya sun fara koɗewa. Masu bincike Paige da Whitham sun rubuta wannan a 1985, a dutsen Fern nan kusa: ƙananan tsuntsayen da ke tsotsar ruwan furen in sun yi kudu, sai furanni masu haske su yawaita, waɗanda manyan ƙwarin dare ke gani.

Barewa sun cinye kan tsiron giliyar da ke bayan gidana tun farkon bazara, yanzu kowanne ya yi rassa. A bar su.