Dubai a Baki, Akra a Fasfo

Wajen ƙarshen 2023, da kuɗin adashena suka fito kuma sabon fasfo ya zo hannu, wurare huɗu ne ke yi mini yawo a kai: Saudiyya, Dubai, Masar, sai Turai, wadda ko ƙasa ɗaya ban tsayar a cikinta ba. Gana ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Can ɗin kuma na tafi, kuma da za a ce yau ne farau, can zan sake nufa.

Dubai ita ta fara cire kanta. Tun Oktoban 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai a Yulin 2024. Duk da haka a majalisarmu ba a rasa mai rantsuwa cewa ya san wani da ya san wani da zai fito da ita in dai kuɗi sun yi magana. Ban ko tsaya sauraro ba. Ƙasar da ta ce ba ta son ka, ba ta bayan gida ake shigar ta ba, balle a tafiyar farko.

Turai kuwa lissafi ne ya kore ta. A lokacin kuɗin neman bizar Schengen yuro 80 ne, kuma in an hana ka sun tafi ke nan. Kafin nan sai ka haɗa takardar banki ta watanni, inshorar lafiya, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa da wasiƙar wurin aiki. Duk wannan don ka gamsar da wani cewa za ka dawo gida. Ni malamin makaranta ne, fasfona fari fat, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Na dubi kaina da idon mai duba takardun, na ga ko ni ne zan yi jinkirin sa hannu.

Maganar Umra ce ta fi nauyi, don daga bakin mahaifiyata ta fito. Na je gaishe ta na faɗa mata niyyata, ta ce, "In dai Allah ya hore maka, ai ɗakinsa ya fi cancanta ka fara takawa." Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, amma ku yi haƙuri, abin da ke hannuna ba zai kai ni Makka ya dawo da ni ba sai na haɗa da bashi." Tun da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ke ta hawa, har ta haura naira dubu a wajen 'yan canji na Wapa, kuma kuɗin Umra da dala yake tafiya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ba a zuwa ɗakin Allah da bashi a wuya, Allah ya kira mu da alheri. A ganina ma bai kamata a sa Umra a ma'auni ɗaya da yawon buɗe ido ba. Ibada ce, da niyyarta daban. Kuma yawanci kamfani ke riƙe da kai tun daga biza har otal har motar Madina, sai mutum ya je ya dawo bai taɓa tsayawa shi kaɗai gaban jami'in shige da fice yana bayanin kansa ba.

Masar ce na ajiye da ƙyar. Azhar, kogin Nilu, dalar Giza, tun muna yara muke jin su. Amma tana buƙatar biza, kuma Larabcin da na kwaso a Islamiyya ba shi direban tasi ke yi a Alƙahira ba. Na ce ta jira ni. Nijar kuwa, wadda ta fi ko'ina kusa, iyakarta a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ko da a buɗe take ma, raina jirgi yake so da teku, Maraɗi kuma a wurin Bakano tamkar ƙofar gida ce.

Kawuna ne ya kawo Gana. Tsohon ɗan kasuwar goro ne a Mariri, ya yi zirga-zirgar Kumasi a ƙuruciyarsa. Ya bar ni na gama lissafo ƙasashen da suka gagara, sannan ya ce, "Ɗana, kana ta ƙwanƙwasa ƙofofin da ke kulle, ga wadda ke buɗe ba ka kalla ba. Ka je Akra. Babu mai tambayarka biza, Turancinka zai yi aiki, in ya ƙare Hausarka ta ɗora. Kuma ina da mutane a unguwar Nima." Abubuwa ukun nan da ya jera a numfashi ɗaya, izinin shiga da harshe da wanda zai tarbe ka, su ne na ga ya kamata tun farko a auna kowace ƙasa da su kafin a kalli hotunanta.

Batun biza ba alfarma ba ce ake yi wa kowa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga sauran ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma rashin biza ba ya nufin ka taho hannu rabbana. Akwai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, wanda ake dubawa kafin ma a kai ga fasfo. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Sannan a tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida.

Ana zuwa ta mota. Daga Legas sai Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sannan Akra, tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba. Amma iyaka uku ce, ƙasashe biyu masu Faransanci da sefa a tsakani, kuma duk wanda ya bi hanyar zai gaya maka ba tsawonta ne ke cin yini ba, tsaye-tsayen ne. Na ga wannan darasi ne na gaba, ba na farko ba. Na hau jirgi daga Kano zuwa Legas, daga can zuwa Akra kamar awa guda. Da yake agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, kusan lokacin da muka tashi shi ne lokacin da muka sauka.

A teburin shige da fice tambaya uku aka yi mini: me ka zo yi, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Kawu ya riga ya sa na rubuta adireshi da lambar mai masaukina a takarda, ba a waya kawai ba, don layin gida yakan ɗauke da zarar an sauka. Na miƙa takardar tare da tikitin komawa. Jami'in ya duba, ya dube ni, ya buga hatimi. Duk fargabar da na kwana da ita ba ta ɗauki minti biyu ba.

Inda Gana ta ba ni mamaki shi ne aljihu. Muna ɗauka duk abin da ke kusa arha ne. Akra ba ta da arha. Hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, kuma lokacin da na je ba ta gama sauka ba. Otal a unguwannin masu hali farashinsa da dala ake tunaninsa. Da ba gidan mutanen Kawu na sauka ba, da rabin guzurina a kwana ya tafi. Ga shi a lokacin yawancin bankunanmu sun toshe katin naira daga aiki a waje, don haka dala na riƙe, sababbin takardu, ina canzawa zuwa sidi, kuɗin Gana, kaɗan-kaɗan a shagunan canji na cikin gari, inda farashi ya fi na filin jirgi. 'Yan ɗari-ɗari sun fi ƙananan takardu daraja a wurin canji, takardar da ta yage ko ta sha hannu kuma sai a dawo maka da abarka. Su can kusan komai da kuɗin waya suke biya, MoMo suke ce masa, har mai sayar da ruwa. Ɗan mai masaukina ne ya riƙa yi mini wannan, ina ba shi tsaba.

Nima kuwa, gani ya kori ji. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna a matse, masallatai birjik, kuma Hausa ce ke haɗa Bazabarme da Bamoshe da Badagombe da Bafulatani a bakin shago ɗaya. Hausarsu tana da nata launi, mace ma sai ka ji an ce "ya zo", amma kunne bai daɗe ba ya saba. Mai masaukina dattijo ne da aka haifa a can, bai taɓa ganin Kano ba, amma ya san sunan unguwar kakansa a cikin birni. Duk safiya in na durƙusa na ce, "Baba, kun tashi lafiya?" sai ya amsa ya ce, "Ɗan Kano, ka sha koko?"

Kokon nasu na gero ne, ya ji citta da kanumfari da barkono har yana ƙona maƙogwaro, da ƙosai mai zafi a gefe. Amma abin da na fi zama a kansa shi ne wake da shinkafarsu. Wata baiwar Allah ce ke sayarwa a bakin titi, layi tun da sassafe. Da karan dafi ake dafa shi, shi ya sa yake fitowa jawur. Takan shimfiɗa faffaɗan ganye a tafin hannu, ta zuba shinkafar, ta ɗora taliya kaɗan, ta barbaɗa garin rogo da aka jiƙa da mai, ta sa dafaffen ƙwai da ganda, sannan ta kawo wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande, shito, ta ɗiga a gefe. Ta dube ni ta ce, "Baƙo ne kai, kaɗan zan sa maka." Kaɗan ɗin ma sai da na share hawaye.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ba nisa da Nima. Turkawa ne suka gina shi da fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. A ƙasar da Kiristoci suka fi yawa, yadda ake girmama Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 kuma yake kan muƙamin tun 1993, abu ne da ya sa na yi ta tunanin gida. Ba Musulmi kaɗai ke ambatonsa da ladabi ba.

Wannan Hausar ba daga sama ta faɗo ba. Fataucin goro ne ya kai ta. Ayarin Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, kasuwar Salaga ce matattararsu, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. Zangon da suke yadawa a gefen gari shi ya zama unguwanni. Zumuncin ma ba kullum yake da daɗi ba: Gana ta kori baƙi a 1969, ciki har da 'yan Najeriya masu yawa, mu ma muka kori nasu a 1983. Baba ya ga duka biyun da idonsa, kuma in yana ba da labarin ba ya ɗaga murya.

Na je Elmina, tafiyar 'yan awoyi yamma da Akra, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a bakin teku a 1482, daga baya Holan ta ƙwace, sannan ta koma hannun Ingila. Mai zagayawa da mu ya shigar da mu ɗakin da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Duhu, zafi, 'yar kafar iska can sama, kuma a saman benen akwai ɗakin gwamna mai tagogi suna kallon teku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na san Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane, kuma fatakenmu ba 'yan kallo ba ne a wannan cinikin. A gida muna ba da labarin Gwanja da alfahari, wannan ɓangaren ba mu cika taɓo shi ba.

Kumasi a gurguje na yi ta. Kasuwar Kejetia ta ɓatar da ni har sai da na tsayar da wani mai hula na yi masa sallama, ya amsa da Hausa ya raka ni bakin titi.

Ba kowa Gana za ta yi wa ba. Wanda zai fita don sarin kaya, inda kayan suke can zai nufa, ko Sin ce ko Turkiyya, biza ko ba biza. Mai neman magani asibiti zai bi, ba ƙasa ba. Wanda kuma yake son ya ga duniyar da ba ta yi kama da tasa ba ko kaɗan, zai iya cewa Akra ta yi masa kama da Legas da aka rage wa hayaniya: tuƙi a hannu ɗaya, soket iri ɗaya, ƙananan motocin haya da suke kira trotro da yaran mota suna kiran fasinja. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa hatimin Gana zai sa Turai ta ba ka biza. Abin da yake nunawa kawai shi ne ka taɓa fita ka dawo a kan lokaci. Mai shirin bin sawuna yanzu kuma ya sake bincikar dokoki da farashi, don abubuwa sun motsa: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Dubai ta buɗe da sababbin sharuɗɗa, naira da sidi kowanne ya yi nasa hawa da sauka.

Salaga ce ban samu zuwa ba. Daga Kumasi sai an yi arewa zuwa Yeji, a tsallaka tafkin Volta a jirgin fito, guzurina kuma ya riga ya yi ƙasa. Ragowar sidin da ke aljihuna na canza su a Akra kafin na tashi, na bar kaɗan na sayo wa Hajiya atamfa da kwalbar shito, wadda ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce a kai wa Kawu.