Ni da rotari enkoda, kwana uku muna fama

Wallahi ɗan abin murɗawan nan ya ba ni wahala. Enkoda ce irin EC11 nake so in saka a akwatin gem ɗin da nake haɗawa, kuma bod ɗin da maɓallai suke kai irin wanda kwamfuta ke ɗauka kamar kibod ne, ka danna maɓalli ya haɗa waya da GND, wato wayar negatif, shi kenan MAME, manhajar da ke kunna tsofaffin gem a kwamfuta, ta ga harafi. Sai na ce ai da sauƙi, ƙafar A in kai ta gurbin hagu, B gurbin dama, ta tsakiya GND.

Ina! Duk inda na murɗa biyun ke kamawa, abu yana ta rawa a sikirin ba gaba ba baya. Ashe enkoda ba ta da wayar hagu da ta dama, A da B duka suna buɗewa suna rufewa ne a kowane murɗi, bambancin kawai wacce ta riga. In A ta riga B wannan ɓangare ne, in B ta riga to ɗaya ɓangaren. Shi kuwa bod ba ruwansa da wa ya riga wa.

Dole na sa Arduino Pro Micro, wani ƙaramin bod da ake rubuta wa kod, tunda cif ɗin ATmega32U4 da ke kansa yana iya zama kibod na USB da kansa. Shi ke karanta A da B ya tura harafi ɗaya a kowane ƙas, wato kowane ɗan taki da ake ji in an murɗa. Nan ma sai da na sake cin karo, in na murɗa da sauri gem ɗin na tsallake wasu, saboda yana duba maɓalli kamar sau 60 ne a sakan, wato wajen milisakan 16 tsakani, ni kuma kod ɗina na dannawa ya saki nan take. Da na sa ya riƙe milisakan 30, sauran haruffan su bi layi, sai ya daidaita. Na kuma liƙa ƙananan kafasita daga A da B zuwa GND saboda ƙarafunan cikin enkodar na karkarwa, ƙas ɗaya ya zama uku.

A gem ɗin Ikari Warriors ya zauna daram, don sandarsa dama matsayi 12 take juyawa, ƙas ɗaya juyi ɗaya. Amma Arkanoid da Tempest gaskiya ban ji daɗinsa ba, suna son murɗi mai santsi, enkoda mai ƙas 20 ta yi musu kaɗan. Su kam sai na samo mai aiki da haske in tura ta a matsayin maus.