Hutun Farko Na Sabon Ma'aikaci A Ƙasar Waje: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Yanki Tikiti

Wata uku ko huɗu da kama aiki a ƙasar da ba taka ba, kewar gida takan taso da ƙarfi, mutum ya fara leƙa farashin jirgi da dare. A daidai nan ne sababbin ma'aikata da yawa suke yin kuskuren da ke cin kuɗinsu, wani lokaci har aikinsu: su yanki tikiti tukuna, sannan su je neman hutu. Ɗan ƙasa idan ya nemi hutu, amincewar shugabansa kawai yake jira. Kai baƙo kana da abu uku a gabanka: kwanakin da ka riga ka tara, amincewa a rubuce, da takardar da za ta ba ka damar sake shigowa. Na ukun shi ya fi haɗari, kuma shi ake yawan mantawa.

Fara da kwanakin. Adadin da ka gani a kwantiragi, kwana 30 ko 25, ba wai yana hannunka ba ne tun ranar da ka sa hannu. A yawancin ƙasashe tara shi ake yi wata-wata, kuma kowace ƙasa da inda ta sa ƙofar farko. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar ƙwadago ta 2021 ta ba da kwana 30 ga wanda ya cika shekara, wanda kuma ya wuce wata 6 bai kai shekara ba yana da kwana 2 a kowane wata. A cikin lokacin gwaji, wanda ba ya wuce wata 6, hutu sai mai aikin ya ga dama. A Saudiyya kwana 21 ne a shekara, ya koma 30 bayan shekara 5 a jere wurin mai aiki ɗaya. A Jamus mafi ƙaranci kwana 20 ne ga mai aikin kwana biyar a mako, amma cikakken haƙƙin ba ya tabbata sai an yi wata 6. Japan kwana 10 take bayarwa bayan wata 6, da sharaɗin ka halarci kashi 80 cikin 100 na ranakun aiki. Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta wa kowa ba da hutu mai albashi ba, abin da ke cikin takardar ɗaukarka da tsarin kamfanin shi ne naka.

Sai tambayar da ke raba lissafi biyu: kwanakin aiki ake ƙirgawa ko kwanakin kalanda? Kwana 30 na Daular Larabawa na kalanda ne, ranakun ƙarshen mako suna ciki. Wanda ya yi wata 8 yana da kwana 16, wato mako biyu da kwana biyu kacal, ba mako uku da ɗoriya ba kamar yadda zai zata in ya ɗauka ranakun aiki ne. A Birtaniya mai aikin kwana biyar yana da kwana 28, amma an yarda mai aiki ya sa ranakun hutun ƙasa a ciki, kuma a Ingila guda 8 ne. Ka ga abin da za ka zaɓa da kanka ya koma 20. A shekarar farko kuma kashi ɗaya cikin 12 kake tarawa duk wata, don haka a wata na uku kwana 7 ne a asusunka. Ka tambayi sashen kula da ma'aikata abu biyu a saƙo ɗaya: kwana nawa na tara zuwa rana kaza, kuma yaushe shekarar hutu take farawa a nan? Ba ko'ina take farawa a Janairu ba. Wasu daga ranar kama aikinka suke ƙirgawa, a Faransa kuma al'adar lissafin daga 1 ga Yuni ne zuwa 31 ga Mayu.

Akwai kamfanonin da za su ba ka kwanakin da ba ka tara ba tukuna. Bashi ne. Idan ka bar aikin ko aka sallame ka kafin ka cike gurbin, yawanci daga albashinka na ƙarshe za a cire, musamman in kwantiragi ya faɗi haka.

A ganina, wanda yake da wata tafiya da ba ta ɗaguwa, kamar aurensa ko haihuwar da ake jira, lokacin faɗa shi ne kafin ya sa hannu a kwantiragi. A lokacin suna son ka, kuma sanya ranakun a takardar ɗauka ba ya yi musu wuya. Bayan ka fara, buƙatar guda ɗaya sai ta koma roƙo. In babu irin wannan larura, haƙuri har lokacin gwaji ya wuce ya fi, domin a cikinsa sallama tana da sauƙi, kuma zamanka a ƙasar a jikin aikin yake rataye. Wasu wuraren ma sukan ƙara tsawon gwajin da adadin kwanakin da ka yi ba ka nan.

“Babu damuwa, ka je” da shugabanka ya faɗa a bakin ƙofa ba amincewa ba ce. Shugabanni suna canjawa, suna mantawa, wani lokaci ma ba su ke da ikon ƙarshe ba. Ka shigar da buƙatar ta hanyar da kamfanin ya tsara, manhaja ce ko fom, da ranar fita da ranar da za ka dawo bakin aiki, ka ajiye hoton amincewar a wayarka. A Birtaniya, in kwantiragi bai ce wani abu daban ba, sanarwarka ta zama aƙalla ninki biyu na tsawon hutun: hutun mako biyu, sanarwar mako huɗu. Kuma kusan ko'ina mai aiki yana da ikon ɗage lokacin saboda buƙatar aiki. Haƙƙinka a kan kwanakin yake, ba lallai a kan ranakun da ka zaɓa ba.

Yanzu ga inda abin yake da nauyi. Sabon ma'aikaci sau da yawa takardunsa ba su kammala ba: ya shigo da bizar shiga, katin zama yana hanya. Fita a wannan tsakanin na iya rushe komai. A Birtaniya, wanda ya nemi sabunta izininsa ko canja shi daga cikin ƙasar, in ya fita daga yankin tafiye-tafiyen da ya haɗa Birtaniya da Ailan kafin a yanke hukunci, ana ɗaukar ya janye buƙatar. A Jamus, takardar wucin gadi da ofishin baƙi ke bayarwa kafin katin zama ya fito iri-iri ce, wata ana dawowa da ita, wata ba a dawowa, don haka sai ka sa jami'in ya nuna maka wacce ce a hannunka. A Saudiyya sai da bizar fita da dawowa, wadda ake gani a manhajar Absher, kuma tana da wa'adi. Ka duba ranar ƙarewarta da ta iƙamarka, wato katin zamanka, da idonka, kada ka tsaya ga “an gama maka” na wakilin kamfani. A Japan akwai gurbi a katin fita da za ka yi wa alama a filin jirgi cewa za ka dawo cikin shekara ɗaya. Ƙaramin akwati ne a takarda, amma matsayin zamanka yana kansa.

Fasfo kuma ya kasance a hannunka, da sauran aƙalla wata 6 a kansa ranar dawowa. Idan kamfani yana riƙe da shi, ka nema tun makonni kafin tafiya. Riƙe fasfon ma'aikaci ba da yardarsa ba haramun ne a dokokin Saudiyya da Daular Larabawa da Katar, ko da yake har yanzu ana yi.

Tikitin shekara da ake yawan magana a kansa, wato na zuwa gida da wasu kamfanoni ke biya wa ma'aikaci, ba ya zuwa haka kawai. Ka karanta sakin layin da ya ambace shi a kwantiragi: bayan wata 12 ne ko 24, kuɗi ake bayarwa ko tikiti, kai kaɗai ne ko da iyali, zuwa wane filin jirgi. Tafiyar da ka yi kafin wa'adin daga aljihunka take. Haka albashin hutu: ka tambaya ko za a biya kafin ka tafi ko a ranar da aka saba, kuma ko alawus na cikinsa. A Daular Larabawa, kwanakin da ba ka ci ba in ka bar aiki a kan gundarin albashi ake lissafa su, ban da alawus, shi ya sa tara hutu da niyyar karɓar kuɗi yakan ba da ƙasa da abin da mutum ya sa rai. Tarawar ma tana da iyaka. A Jamus abin da aka ɗaga zuwa sabuwar shekara a ƙa'ida sai an ci shi kafin 31 ga Maris.

Hutu ba albashi yana kama da mafita ga wanda bai tara kwanaki ba, amma ga baƙo yana da ƙaya. Mai bizar ƙwararren ma'aikaci a Birtaniya in ya wuce mako 4 ba albashi a shekara ɗaya, ban da dalilan da doka ta keɓe kamar rashin lafiya ko haihuwa, ɗaukar nauyin da kamfanin ya yi masa yana iya faɗuwa.

Dawowa a makare ita ce ta fi kayar da mutane. A gida za a ce ka ƙara kwana biyu, ko jirgi ya soke tashi. A Daular Larabawa rashin zuwa aiki ba dalili fiye da kwana 7 a jere ya isa a sallame ka ba sanarwa, a Saudiyya fiye da kwana 15 a jere ne bayan gargaɗi a rubuce. Don haka ka sa ranar saukarka ta riga ranar komawa aiki da kwana biyu, ka yanki tikitin da ake iya canja masa rana ko da ya ɗan fi tsada. In ciwo ya kama ka a can, ka je asibiti a ranar, ka karɓi takardar likita mai hatimi da kwanan wata, ka tura hotonta ga kamfani nan take, ba sai ka dawo ba. A Jamus kwanakin da likita ya tabbatar ba ka da lafiya ba a cire su daga hutunka, amma fa sai da takardar, kuma in ba da harshen da suke karantawa aka rubuta ta ba, ka nemi fassarar da hukuma ta amince da ita kafin ka baro.